Mu huɗu za mu sauka gidan aminin mahaifina a Kaulaha

Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne ɗan unguwar Birni a nan Damagaram, shekarata 27, ɗinki nake yi. Shekara biyu ke nan ni da abokaina uku na fada ɗaya muna zubin adashi don mu je Maulidin Kaulaha a ƙasar Senegal, daga nan mu wuce Dakar mu ga teku. Akwai wani dattijo a unguwar Madina Bay ta Kaulaha, aminin marigayi mahaifina, wanda ya taɓa zama a zaurenmu wata biyu tun ina yaro. Da na buga masa waya ya ce gidansa gidana ne, in zo da wanda na ga dama. Ban gaya masa mu huɗu ne ba, ban kuma ce kwana 20 muke son yi ba. Yanzu ɗaya cikin abokaina ya ce tunda an samu masaukin kyauta mu yi kwanakin duka a can. Ɗaya ya ce a'a, mu biya su kamar otal don mu shiga mu fita lokacin da muke so. Na ukun yana shan sigari, ba ya kwanciya da wuri, kuma komi ya gani sai ya ɗauka a waya ya sa a TikTok. Ina tsoron su zubar da mutuncin mahaifina, ina kuma tsoron in na yi magana su ce na wulaƙanta su don ni na samo gidan. Yaya zan yi?

Ɗan Birni

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka kabarinsa.

Na karanta takardarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata biyun nan da dattijon ya yi a zaurenku. Kana yaro a lokacin, mai yiwuwa abin da kake iya tunawa bai wuce wani dogon mutum mai carbi da Hausarsa ba ta fita sosai ba. Amma akwai wanda ya riƙa share zauren nan kullum, akwai wadda ta riƙa ƙara malmala a tukunya dare sittin, akwai yaron da ke kai buta da asuba, wataƙila ma kai ne. Abin da ya buɗe maka ƙofa a Madina Bay ke nan. Da sunan mahaifinka za ka shiga gidan nan, abokanka kuma da sunanka za su shiga. Saboda haka tsoron da kake ji yana bisa hanya, kada ka bari kowa ya ce maka ƙaƙale ne.

Sai dai kafin mu kai ga abokanka, akwai abin da ke wuyanka kai kanka. Ba ka gaya wa mutumin adadinku ba, ba ka gaya masa kwanakinku ba. Na san kunya ce ta hana ka, amma kunyar nan shi za ta faɗa wa. Ka sake kiransa cikin makon nan. Kada ka tura saƙon murya ka ce ka fita haƙƙi. Ka kira, ka gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce: Baba, mu huɗu ne, duka maza, ranar kaza za mu iso, ranar kaza za mu tashi. Ka kuma sani ba zai ce a'a ba. Mutanen Senegal suna da wata kalma da suke taƙama da ita, teranga, wato karrama baƙo, har da ita ake yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙasarsu kirari. Dattijo irin wannan gara masa ya kwana a waje da ya ce wa ɗan amininsa babu wuri. Don haka kai ne za ka sauƙaƙa masa: ka ce kun san lokacin Maulidi gida cike yake, in biyu za su kwana wurinsa biyu a maƙwabta duk ɗaya ne gare ku, tabarma da sange kuna tafe da naku. Sannan ka kasa kunne ga muryarsa. In ya ɗan yi jim kafin ya ce ba komi, ka fahimci abin da jim ɗin yake nufi.

Ba ka taɓa ganin Madina Bay a makon Maulidi ba, shi ya sa nake nanata maka wannan. Unguwa ce da Shehu Ibrahim Inyas ya kafa a gefen Kaulaha wajejen 1930, kuma tun haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937 ƙafar Hausawa ba ta ɗauke daga can ba. Shehu ya rasu a Landan a 1975, aka kawo shi aka binne a jikin masallacinsa, jama'a kuwa sai ƙaruwa. Daga Najeriya, daga Nijar, daga Gana, daga Muritaniya da Gambiya, har daga Amurka, kowa da gidan da ya saba sauka. Gidan da ke da mutum goma sha biyar sai ka tarar da arba'in a cikinsa. Ku huɗu ba ku kaɗai ne baƙin dattijon nan ba, kuma akwai waɗanda suka riga ku da shekara talatin.

Zuwana na farko, mu uku muka sauka a wani gida bayan masallaci. Aka ba mu ɗaki mai gado da katifa da fanka, da labule sabo. Muka ji daɗi, muka baje kayanmu. Sai a dare na uku na fito kama ruwa wajen ƙarfe uku, na ga tsohuwar gidan, mahaifiyar mai gida, kwance a kan tabarma a bakin madafa. Ta ɗaure sange a igiyar shanya, jikokinta biyu suna barci a gefenta. Da na koma ɗaki na haska fitila, sai na ga abin da idona bai lura da shi ba kwana uku: kwanoninta jere a kusurwa an lulluɓe da zane, carbinta rataye a ƙusa, ƙaramar kwalbar man zafi a bakin taga. Ɗakinta ne. Babu wanda ya gaya mana, kuma da wata guda muka yi babu mai gaya mana. Ban ƙara runtsawa ba a daren. Tun daga ranar, duk gidan da na sauka, abin da nake fara tambayar kaina shi ne wa aka tayar daga nan.

Wannan ita ce amsata ga abokinka mai cewa an samu masaukin kyauta. Ka zauna da shi ku yi lissafi. Maza huɗu, ci uku a rana, kwana 20: ci 240 ke nan daga aljihun mutum ɗaya, ban da shayi da sukari, ban da sabulu, ban da wuta. Ruwa kuwa ba sai na yi wa ɗan Damagaram bayani ba. Mu da muka tashi muna jiran famfo tsakar dare, muna bin ƴan garuwa da kuɗi a hannu cikin bazara, mun san abin da wankan ƙarti huɗu safe da yamma yake ci. Kuɗin otal ɗin da yake murnar kun tsira da shi bai ɓace ba, wani ne zai biya, kuma wanda zai biya ɗin ya girmi iyayenku. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa a hadisi ingantacce cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta ga baƙo ya yi ta zama har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mu ma a nan muna cewa baƙo raɓa ne.

Ga abin da na gani: ku sauka gidan, kada ku ƙi. Ƙin sauka bayan ya yi maka tayi, alhali ya san kana garin, zai yi masa ciwo fiye da duk wata ɗawainiya. Amma ku yi kwana huɗu, in ya yi yawa biyar. Sun ishe ku daren Maulidi da ziyarar kabarin Shehu, sun ishe ku zuwa Taiba inda aka haife shi a 1900, da Kosi inda faila, wato kwararar albarkar ɗariƙa ta hannun Shehu, ta bayyana a 1929. Daga nan ku yi sallama ku kama hanyar Dakar, kilomita kamar 190 ce, ku kama ɗaki da kuɗin adashinku. Can ne wurin yawonku: bakin teku, kasuwanni, jirgin ruwan tsibirin Gore. Dakar da tsada, kada ku yaudari kanku. In kuɗin bai kai kwana 20 ba, ku rage kwanakin. Kwana goma sha biyu da mutunci sun fi. Idan ranar tafiya dattijon ya riƙe hannunka ya ce ku ƙara, ka yi godiya, ka ƙara kwana ɗaya in ka ga da gaske ransa yana so, amma kada ka mai da tayin ladabi ya zama izinin mako biyu.

Abokinka na biyu, mai cewa a biya, ya fi na farko kusa da gaskiya, don aƙalla ya san cewa ɗawainiya tana da nauyi. Inda ya kauce shi ne zaton da yake yi cewa kuɗi zai saya muku damar buga ƙofar mutane ƙarfe biyun dare. Gidan da ke da mata da yara da tsofaffi, ko nawa ka ba da, dokarsa tana nan. Kuma ranar da ka ce wa aminin mahaifinka nawa ne kwana ɗaya, ka mai da wata biyun da ya yi a zaurenku bashin da ya kamata shi ma ya biya. Na taɓa yin irin wannan kuskure. A gidan nan da na ba ka labari, ranar tafiya, saboda abin da na gani a daren nan yana damuna, na ƙunsa kuɗi a ambulan na miƙa wa mai gida a ƙofar gida, gaban maƙwabtansa. Bai karɓa ba. Ya mai da hannayensa baya, ya dubi ƙasa, ya ce da ni cikin Larabci, don shi ne harshen da muke haɗuwa a kai, shin wani abu ya gaza a hidimar da aka yi mana? Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji nauyi a ƙirjina.

Ana bayarwa, hanyar ce daban. Tun daga nan ku haɗa tsaraba ta mutunci, wadda in an buɗe za a san daga Damagaram ta fito: alkaki, kilishi da aka naɗe da kyau, cuku, dabinon Bilma, takalmi ko alabe na dukawan garin nan, turaren wuta da humra don matan gida. Kai kuma tela ne. Ka ɗinka wa dattijon riga da hannunka, ka zauna ka yi mata aiki a wuya, ka ce masa ɗan amininka ne ya ɗinka. Babu abin da za ka saya a kasuwa da zai kai wannan. Washegarin isarku, biyu daga cikinku su nemi wani saurayin gidan ya raka su kasuwa, ku sayo buhun shinkafa, da jarkar mai, da sukari, da ganyen shayi, da albasa, a shigar da su madafa ba tare da shela ba. In an ce don me, ku ce albarkacin Maulidi ne, a dafa wa baƙin Shehu. Wannan babu mai mai da shi. Ranar tafiya kuma, abin da kuka ware na kuɗi, uwargida za ka samu a cikin gida, inda babu idon jama'a, ka durƙusa ka ce ga wannan a saya wa yara alewa. Kada ka manta da yarinyar da ta riƙa wanke kwanonin da kuka ci, da yaron da ya riƙa ɗebo muku ruwa. Sefarmu da tasu ɗaya ce, ba ku da wahalar canji, don haka ku ware wannan kason tun kafin ku bar gida, ku sa a hannun mutum ɗaya, kada ya narke a hanya.

Saura na ukun, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ka barci. Kada ka yi masa maganar a fada, gaban sauran, ana kurɓar shayi ana dariya. In ka yi haka dole ya kare kansa, kuma a nan ne za a ce ka wulaƙanta shi. Ka same shi shi kaɗai, ko a shagonka bayan isha'i. Kada ka fara da sigarinsa. Ka fara da mahaifinka: ka gaya masa wane ne dattijon nan, me ke tsakaninsu, ka ce masa ina neman alfarmar kwana biyar a wurinka. Sannan ka faɗi abubuwan ɗaya-ɗaya, ba kwana-kwana. Ba a shan sigari a gidan, ba a sha a ƙofar gidan, ba a shigowa da warinsa cikin sahu. Malaman Tijjaniyya ba su ɗauki taba da wasa ba, unguwar kuma tasu ce. In ta matsa masa ya yi nisa, ya wanke baki kafin ya dawo. In an rufe gida kowa yana ciki. In an kira asuba kowa ya tashi, don ba zai yiwu tsoho ɗan shekara saba'in ya tsallake ƙafafun samari ya tafi masallaci ba.

Wayar ce ta fi ba ni tsoro. A gidajen Senegal da yawa mata suna harkarsu a tsakar gida gaban baƙo, su gaishe ka, su zauna a yi hira, wani gidan ma kwano ɗaya za ku ci da su. Yaron da ya tashi a inda baƙo ba ya wuce zaure yana iya ganin wannan ya ɗauka komi a sake yake. Amana ce aka ba ku da aka shigar da ku ciki. Hoton matar mutum tana wanke-wanke da ɗaurin ƙirji, ko na ƴarsa budurwa tana dariya, in ya hau TikTok ba ya saukowa, kuma kafin ku kai Dakar wani ɗan unguwar ya gani ya kai wa mai gida. Sharaɗin a bayyane yake: a cikin gida waya tana aljihu. In ana son hoton tunawa, a nemi izinin mai gida, a tsaya a ɗauka tare, kuma ko shi ba a sa shi a intanet sai an tambaya. Masallaci da taro da titi da teku, ya ɗauka iya son ransa.

In ya ce ya ji ya yarda, ka yarda da shi, kada ka yi ta sa masa ido kamar ɗan kurkuku. Sau da yawa irin waɗannan masu surutu da raha su ne yaran gida suke maƙalewa, su ne tsofaffi suke tambaya bayan an tafi. In kuma ya ce shi ba zai iya ba, ya gode wa Allah da ya faɗi gaskiya tun a nan, kai ma ka gode masa. Sai a cire masa kasonsa ya kama ɗakin haya na kwanakin, ku riƙa haɗuwa a masallaci, ku tafi Dakar tare. Wannan bai raba abota ba. Wadda ke raba abota ita ce rigimar da za ku yi da ƙaramar murya a ɗakin mutane, a ƙasar da ba taku ba, kowa ya dawo da abin a ciki.

Ka tuna da yadda garin nan namu ya ginu. Zamanin Sarki Tanimun, da fataken Gadamas da Turabulus suke sauke raƙuma a Zongo, kowane baƙo yana da mai masaukinsa. Shi ke ba shi ɗaki, shi ke nemo masa mai saye, shi ke tsaya masa, kuma in baƙon ya yi ɓarna ƙofar mai masaukin ake bugawa. Har gobe haka abin yake a ko'ina. In abokinka ya yi faɗa da mai tasi a Kaulaha, ko ya yi wa ƴar mutane maganar banza, babu mai tambayar sunansa. Baƙon wa ne, shi za a tambaya. Ku za ku hau mota ku tafi, dattijon ne zai ci gaba da zama da maƙwabtansa.

Abin da ya rage ƙanana ne, amma da su ake auna baƙo. Abincin rana galibi cebu jen ne, shinkafa ƴar ɓarza da aka dafa cikin romon kifi da tumatir, a zuba a babban faranti, kifi da kabeji da rogo da karas a tsakiya. Kowa gabansa yake ci. Kada ka kai hannu tsakiya. Uwargida ko mai gida ne zai riƙa gutsuro kifin yana turo maka gabanka, kuma in ka ga an fi tura maka, girmamawa ce, ka ci. Za a yi ta ce maka lekkal, wato ci. In ka ƙoshi ka ce suur naa, ka ƙara da neex na, wato ya yi daɗi, ka ga yadda fuskar mai girkin za ta washe. Mu mutanen tuwo da fura ne, wani cikinku kifin zai gundure shi a kwana na biyu. Ya ci abin da ya samu, kada ya yatsine fuska, kada kuma ya fita ya sayo tsire ya shigo da shi gida a leda. Ruwan famfon Kaulaha yana da ɗanɗanon gishiri, garin ma a bakin kogin Salum yake inda ake haƙar gishiri. In bai karɓe ku ba ku sayi na sha, ku sayo da yawa yadda za a sha tare.

Faransancin lakwal zai fitar da ku a tasha da kasuwa, amma harshen cikin gida Wolof ne. Ku koyi kaɗan kafin ku tafi: nanga def, a amsa maa ngi fi; jamm rekk, wato lafiya lau; jerejef, wato na gode. Suna gaisuwa da sunan zuri'a, a yi ta maimaita shi, don haka ka san na mai gidanku ka riƙa kiransa. Ku gaida tsofaffin gidan kowace safiya, ku huɗun, ba wakili ba. Kada ku dunƙule a ɗaki kowa da wayarsa sai an kira ku cin abinci. Kuma ina gargaɗinku da babbar murya: kada ku yi gulmar gidan da Hausa kuna zaton ba a ji. A Madina akwai masu jin Hausa fiye da yadda kuke tsammani, wasu sun yi shekaru a Kano, wasu iyayensu mata Hausawa ne. Ku ƴan fada ne, kun iya shayi; su ma kofi uku suke yi kamar mu, ataya suke ce masa. Wata yamma ku karɓi butar ku dafa wa gidan. Wankinku ku yi da kanku, ɗakin da kuka kwana ku share, in an ga ana ɗaukar tukwane ko shimfiɗa tabarmi don baƙi ku sa hannu ba sai an ce ba.

Maganar gida kuma ta bi ta bakinka kai kaɗai. In ana son wani abu, ko za a fita, ko za a makara, kai za ka gaya wa mai gida. Mutum huɗu kowa yana aiken yaran gida yadda ya ga dama, kwana biyu sun isa a gaji da ku.

Batun hanya a taƙaice. Ku tafi da fasfo mai sauran kwana da katin rigakafin cutar shawara, kowa kuma ya ajiye hoton takardunsa a waya. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, saboda haka kada ku dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Ku nemi wanda ya dawo kwanan nan. Hanyar ƙasa doguwa ce, Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900, ga Bamako, ga Kayes, ga Tambakunda, kuma ɓangaren Kayes ya sha fama da hare-hare a 2025. Ku bi ayarin zawiyar da ta saba tafiya, ku ji shawarar jagoransu, in kuma kuɗin jirgi zai samu ko da za a rage kwanakin Dakar, ni shi na fi so muku. Maulidin waɗannan shekarun cikin damina yake faɗowa, sauron Kaulaha kuwa ba ya wasa, don haka sangen da na ambata da gaske nake. Baƙon da ya kwanta zazzaɓi ya ninka wa masu gida ɗawainiya.

Kafin ka tashi ka sa mahaifiyarka ta yi magana da matar dattijon a waya, ko da gaisuwa ce kawai wani yana fassarawa, ta kuma ba ka nata saƙon daban ka kai, ko turmin atamfa ne ko kwalbar humra. Ita ce ta tuƙa tuwon nan na wata biyu, zumuncin nata ne kafin ya zama naka. In kun dawo ka kira ka ce kun sauka lafiya, ka riƙa kira da Sallah, kuma ka gaya masa da bakinka cewa zauren Birni yana nan, duk ɗansa ko jikansa da hanya ta biyo da shi ta Damagaram ya san inda zai ajiye jaka.

Cikin kwana biyar ɗin nan ka nemi dare ɗaya ka bar abokanka su tafi zikiri, kai ka zauna da dattijon ku biyu. Ka tambaye shi yadda suka haɗu da mahaifinka, me suke hira a kai a zauren nan bayan isha'i, me ya ba shi dariya, me ya taɓa ɓata masa rai. Ya san mahaifinka yana da ƙarfinsa, a shekarun da kai ba ka da wayon saninsa. Ka tafi da hoton marigayin a aljihu, mai yiwuwa shi ba shi da ko ɗaya.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In ka isa kabarin Shehu ka sa ni a addu'a.